Ƙafata Ba Ta Taɓa Ƙasa Ba

Ranar Lahadi, sha huɗu ga watan Yuli na shekarar 2019, gari ya waye da sanyi irin wanda ke sa ruwan famfo gardama, don a nan kudancin duniya Yuli tsakiyar hunturu ne. Raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawa, tun daga ƙofar gidanmu a Deloraine har gonar Col Bramich, inda ƙungiyarmu ke yin wasan babur na wata-wata. Sama kuwa garau, ba ko ɗigon girgije. Na faɗi wannan ne don kada wani mai tausayina ya ce hazo ne ya rufe mini ido, ko ruwan sama ya kawo santsi. Abin da ya faru ni na jawo shi da bakina, na kuma ƙarasa shi da hannuna.

Sunana Narelle Febey. Lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma ba a san ni da yawan magana ba. Wasan namu ba tsere ba ne. Ana kewaye wuri mai duwatsu da kututtura da kirtani, mahayi ya bi ta ciki a hankali, a tsaye kan babur marar sirdi, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ni alƙaliya ce, ina tsaye a bakin rafi. Wanda ya sa ƙafa sau ɗaya in ɗaga masa yatsa ɗaya. Wanda ya faɗi in buɗe masa tafin hannu, biyar ke nan. Wanda ya fita ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba sai a dunƙule masa hannu, alamar ba laifi ko ɗaya. Na shekara ashirin da wani abu a wannan aiki, kuma waɗanda suka taɓa ganin dunƙulen hannuna ba su cika mota ɗaya ba. Shi ya sa a bayan idona ake kirana Malama Biyar. A gaban idona ma, in an sha shayi an ji daɗi.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, ina son in hau. Tun farkon kaka na rubuta wasiƙa zuwa ga sakatariyar ƙungiya, Kerryn Viney, cewa na ajiye alƙalanci, a sa sunana cikin sababbin mahaya. Na manna kan sarki, na sa ta a aljihun ciki na rigar sanyina, na yi wa kaina alkawari ba zan aika ba sai na mallaki babur. Kerryn kuwa gidanta na kallon nawa, tun firamare muke tare, kuma bakinta ya fi reza kaifi.

A taron watan Yuni ne Col, manomin dankali da ya ba sittin baya, ya ce likitoci za su yi masa aikin ƙugu, zai sayar da babur ɗinsa. Na ce ina so. Kerryn ta ce, "Wa za ki saya wa, 'yar nan?" Na ce wannan ba ya cikin tambayoyin jarrabawa. Wani ya ce sai dai in nemo bakanike ya duba mini, don babur na hannu kallon kitse ake yi wa rogo.

A nan ne shaiɗan ya hau harshena. Na ajiye kofi na ce, "Bakanike? Duk wurin nan akwai wanda ya kai ni sanin babur? Ku hawa kuke yi, ni kuwa gani nake yi. Ba babur ɗin da ban ga cikinsa yana kallon sama ba. Daga ƙarar inji kaɗai zan gaya muku ciwon da ke damunsa."

Ban taɓa riƙe sifana ba a rayuwata. Mijina Lindsay, wanda aikinsa a ƙungiya gasa sosej da albasa ne, ya dube ni, ya dubi kofinsa, ya ci gaba da shan shayi.

Col ya ce to, zai ba ni dama ta farko. In duba a taro na gaba, in yanke shawara kafin Lindsay ya buga ƙarfen abincin rana. In ƙarfe ya yi ƙara ban ce komai ba, akwai wani likitan haƙori daga Launceston da ya daɗe yana naci, shi zai ɗauka.

Shirina mai sauƙi ne, kuma a ganina mai hikima. Zan duba babur ɗin a gaban kowa, in tono masa aibobi da babbar murya har likitan ya tsorata ya janye, sannan in saya cikin natsuwa kamar mai yi wa Col alfarma.

Muna isa na tarar da likitan ya riga mu. Sunansa Dokta Pybus, dogo, mai fara'a, ya zo da tirela sabuwa fil tana sheƙi a bayan motarsa. Ya miƙo mini hannu ya ce, "Ke ce gwanar da ake faɗa? Wallahi na ji daɗi. Ni ban san komai ba, zan tsaya a gefe in koya."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babur ɗin yana ɗore a kan guntun kututture, ja da fari, an wanke shi tas. Mahaya da ya kamata su tafi zagayen duba duwatsu duk suka fasa, suka yi da'ira, kowa da kofi a hannu. Rabinsu ni na koya musu lissafi, kuma na ga alamar ba su manta ba.

Na cire safar hannu na ɗora tafi a kan injin. Na ce, "Col, ka tayar da shi da asuba don ya yi ɗumi ko? Tsohuwar dabara ce ta ɓoye inji mai taurin tashi."

Col ya ce, "Malama, me tafinki ya gaya miki?"

Tafina ya gaya mini ƙanƙara. Na janye shi da sauri na ce gwaji ne kawai. Sai na zagaya baya, na durƙusa, na kai hanci bakin salansa na shaƙa sosai, kamar yadda na ga wani yana yi shekarun baya. Ban san abin da ake nema a ji ba. Na miƙe na ce, "Uhm." Wasu cikin jama'a suka duƙar da kai cikin kofunansu. Na ɗauka girmamawa ce. Sai daga baya na gane cewa na yi ta yawo da baƙin zobe a kan hanci da gashin baki na toka.

Kerryn ta ce, "Ƙawata, me ya ce miki?"

"Yana cin mai."

"Ikon Allah. Babur mai cin mai. Col, ka ji, da ruwan shayi ya kamata ya yi tafiya."

Na yi kamar ban ji ba. Na ɗaga murya yadda likita zai ji, na fara karanto tarihin babur ɗin daga ka. Na ce ya faɗi a kan dutsen rafi shekarar da aka yi ambaliya, ya kife a gangaren Mole Creek, ya shiga ƙaya ranar bikin ƙungiya. Na ce babur ɗin da ya sha irin wannan wuya dole a samu abu uku: hannun kulocinsa ya lanƙwashe, salansarsa ta lotsa, ruwa kuma ya shiga baƙin mansa.

Col ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Faɗuwar gaskiya ce, amma ai ni nake faɗuwa a ƙasa, shi ya faɗo a kaina. Me kike tsammani ya cinye mini ƙugu?"

Dokta Pybus ya sunkuya ya duba hannun kulocin ya ce, "Ni dai idona na ganin shi a miƙe. Amma ke kika sani."

Na ce, "Idon da ya saba da haƙori ne, Dokta. Bari mu zo kan boris."

Wannan na san yadda ake yi, don na sha gani. Ana kama tayar gaba da hannu biyu a girgiza ta gefe da gefe, in ta yi ƙwas-ƙwas to boris ya ci. Na kama na girgiza. Shiru. Na ƙara ƙarfi. Shiru. Na ga idanu a kaina, na ce a raina lallai sai ta yi magana. Na kafa ƙafa, na tattara duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na fizga.

Ta yi magana. Babur ɗin ya zame daga kan kututturen, ya yi ɗan tunani a iska, ya kife ta hagu a kan tulun shayin Col. Karen Col ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin tirelar likita.

Aka ɗaga shi. Hannun kulocin ya lanƙwashe waje kamar ƙahon rago.

Na gyara murya na ce, "Kun gani? Lanƙwasasshe."

Col ya ce, "Yau da safe dai a miƙe na bar shi."

"Da ƙarfen kirki ne ai da bai lanƙwashe ba."

Wani tsohon ɗalibina mai gemu ya ce daga baya, "Malama, nawa za a ba babur ɗin? Biyar?" Aka kwashe da dariya. Na juya na yi masa kallon da nake yi masa a aji, ya ɓuya bayan matarsa.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Amma na lura likita bai tsorata ba, sai ma shafa tankin da yake yi kamar mai lallashin yaro. Daga can kuma na ji ƙamshin albasa ya fara tashi, alamar Lindsay ya kunna wuta. Na ce a ba ni sifana, zan nuna musu ruwan da ke cikin baƙin mai.

Col ya ce, "Akwai ɗan gilashi a gefe, ana leƙawa."

Na ce, "Gilashi na masu sauri ne. Ni sai na gani a tafina."

Na kwanta a kan ciyawa mai ƙanƙara, mace mai shekara hamsin da uku, na shiga ƙarƙashin babur. Niyyata in sassauta notin kaɗan, ɗigo biyu su sauko. Notin ya ƙi. Na juya dama, Kerryn ta ce, "Ɗaure shi kike yi, gwana." Na juya hagu. Ya ƙi, ya ƙi, sai ya yarda gaba ɗaya. Ya fice daga yatsuna, mai ya biyo baya, ya gangaro ta hannun rigata har gwiwar hannu.

Na yi ihu, "Kwano! A ba ni kwano!"

Wani ya ruga teburin abinci ya sungumo abin da hannunsa ya fara kaiwa, ya tura mini. Sai da ya cika rabi na ji Kerryn ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Kwanon kek ɗinta ne, na gadon kakarta, da kek ɗin lemo a ciki.

Ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu. "Narelle Febey, tun daren jiya nake kan kek ɗin nan."

Na ce daga ƙasa, "Kullum ana cewa ya bushe da yawa."

"Fito ki maimaita."

Ban fito ba. Likita ya durƙusa ya tsoma yatsa cikin kwanon, ya ɗaga wa rana. Man ya yi garau kamar zuma. Ya ce, "Gwana, ina ruwan yake? Nuna mini in gane shi nan gaba."

Na ce, "Yana kwanciya a ƙasa. Kek ya shanye."

Sai neman noti. Mutum goma sha suka duƙa suna laluben ciyawa. Aka zargi kare, aka zargi wani hankaka da ke kan shinge yana kallonmu. Can sai ga Lindsay ya taho a hankali da cokalin gasa nama, noti a kai yana hayaƙi. Ashe wanda ya kawo kwano ya taka shi, ya maƙale a takalminsa, ya tsince shi ya ajiye a kan tebur, shi kuma Lindsay ya kwashe shi tare da albasa.

Ya miƙa mini ya ce, "Ya nuna." Ya matso kusa da kunnena ya ƙara da cewa, "Uwargida, in ɗan jinkirta buga ƙarfen nan, ko in buga yanzu mu tafi gida?"

Na ce, "Ka kula da sosej ɗinka."

Ya dubi hancina, ya buɗe baki, ya rufe, ya koma. Har yau ban gama yafe masa wannan ba.

Likita ne ya kawo sabon mai daga motarsa, ya ƙi karɓar komai. Ya ce wa Col, "Ka ga yanzu ma an yi masa juyen mai. Ni dai ya ƙara kwanta mini." Na ji kamar in cije shi, in ya so ya gyara haƙoran daga baya.

Saura dabara ɗaya. Na ce, "Ciwon gaske ba ya fitowa sai a kan hanya. Zan hau."

Kerryn ta sauke hannu daga ƙugu ta ce, "Ke, bar wasa. Keke ma yaushe rabonki da shi?"

"Na ga an hau sau dubu."

"Ni ma na ga an haihu a asibiti, ban ce a ba ni almakashi ba."

Col ya ce babur dai nasa ne har a buga ƙarfe, amma mai saye na da haƙƙin gwaji. Ya ce in zagaya fili kawai, a giyar farko, in dawo. Aka aro mini hular kwano da ta yi mini yawa. Col ya miƙo mini 'yar igiyar da ake ɗaurawa a wuyan hannu, wadda in mahayi ya faɗi take fizgewa ta kashe inji. Na karɓa na duba ta da kyau, na murza, na ce ta tsufa, ba zan amince mata ba, za ta iya fizgewa a banza ta kashe mini inji a tsakiyar gwaji. Na naɗe ta tam a kan babur ɗin, na ƙulla har sau biyu. Ni mace ce mai taka-tsantsan.

Na buga kik. Ya ƙi. Na juya wajen likita da murmushi na ce, "Ka gani? Taurin tashi." Na sake bugawa don in tabbatar masa, ba tare da na shirya ba, sai ya kama da wata irin ƙara. Na sa giya. Hannun kulocin da na lanƙwasa ya yi nisa da yatsuna, na riƙe shi da ƙyar, ya kuɓuce.

Ban san babur na iya tashi tsaye kamar doki ba sai ran nan. To, na sani, na sha gani. Daga sama ne abin ya bambanta. Tayar gaba ta sauko, jikina ya koma baya, hannuna ya murɗa totur ba da shawarata ba, muka miƙa.

Na ji muryoyi a bayana: "Birki! Birki!" Wani kuma, "Sa ƙafa ƙasa, Malama! Sa ƙafa!"

A nan ne zan roƙi mai karatu ya fahimce ni. Saurin bai kai na mai gudu da ƙafa ba. Da na sauke ƙafa ɗaya na ja, na saki totur, da an gama. Na sani sarai. Amma na ɗaga ido na ga fuskokinsu, mutanen da na shekara ashirin ina ɗaga wa yatsa saboda ɗan taɓin da bai kai na kaza mai tono ba. Na ga hannuwansu sun fara fitowa daga aljihu, a shirye. Na ce a raina, ko da za a binne ni da babur ɗin nan, ba za su ga ƙafata a ƙasa ba.

Na nufi rumfar abinci. Lindsay ya ɗauke tiren sosej ya matsa taki ɗaya, kamar mai ba motar haya hanya. Na wuce tsakaninsa da tukunyar gas, igiyar rumfa ta kama kafaɗata, turke ya tumɓuke, rumfar ta kwanta a kan tebur da duk abin da ke kansa. Na fito ta ɗaya gefen da tawul ɗin shayi a kan hular kwano. Tumakin Col da ke kiwo a gefe suka ga abin da ba su taɓa gani ba, suka watse, kare ya fito daga ƙarƙashin tirela ya bi su, su kuma suka bi ta cikin kirtanin da aka sha wahalar kafawa tun jiya.

Kerryn na gudu a gefena tana haki. "Narelle! Don girman Allah sa ƙafa! Ba wanda zai ƙirga!"

Na ce, "Ƙarya kike yi!"

"To, ni zan ƙirga, amma sauran ba za su yi ba!"

Filin ya ƙare, gangare ya fara. Gangaren nan kuwa ba inda yake zuwa sai bakin rafi, wurin aikina. Na shiga ta ƙofar kirtani daidai inda ya kamata, ba don na nufa ba. Ga kututturen farko, na haye shi ido rufe. Ga tsakuwa, ta watse. Ga kuma dutsen nan, babban, mai gansakuka, wanda a kansa na raba biyar-biyar fiye da yadda na raba sifiri a makaranta. Na tuna abin da nake faɗa wa mahaya kullum da sanyin murya: ai totur kaɗan ne, da sassauta gwiwa. Gwiwoyina sun riga sun sassauta da kansu. Totur kuwa na ba shi duka.

Babur ya hau. Na ji salansa ta daki dutse, ƙwam. Muka tsaya a ƙoli na ɗan lokacin da ya ishe ni in ga duwatsun yamma da farar ƙanƙara a kansu, in kuma ji wani abu a ƙirjina da ban ji ba tun ina yarinya. Daga nan muka sauka ta ɗaya gefen, inda ba hanya, sai kududdufin da ya fi ko'ina zurfi a rafin.

Na zauna a cikin ruwa har wuya. Babur ɗin na kwance a gefena, igiyar da na ƙulla tana nan daram, saboda haka injin bai mutu ba. Ya ci gaba da gurnani a ƙarƙashin ruwa, yana zuƙa yana kumfa, har ya sha ya ƙoshi ya yi shiru don kansa.

Na ɗaga hular kwano daga idona. Duk ƙungiya na tsaye a kan gaɓa, jere. Sai tsohon ɗalibin nan mai gemu ya ɗaga hannu a hankali ya buɗe tafi. Na kusa da shi ya bi. Cikin ƙiftawar ido gaɓar rafi ta cika da tafuka, har da masu ɗaga biyu. Dokta Pybus ya dubi hagu da dama, ya ɗaga nasa shi ma, yana cewa, "Ki gafarce ni, al'adar wuri ce."

Haƙorana na kaɗawa na ce, "Ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba."

Kerryn ta ce, "Gaskiya ne. Ba ƙafa ce ta taɓa ba."

A daidai nan ƙarfen Lindsay ya yi ƙara daga can sama. Na yi ihu tun kafin amon ya mutu, "Na saya! Col, na saya!"

Col ya ce, "An riga an buga."

"Bai gama ƙara ba!"

Aka juya ga likita. Ya dubi babur ɗin da ake jawowa daga ruwa, ciyawar rafi na reto a jikinsa, ya ce, "A'a, ni na janye. Gwana ta faɗa tun da safe ban yarda ba."

Col ya zagaya babur ɗin a hankali da ɗingishinsa. Ya taɓa hannun kuloci. Ya shafa salansa inda ta lotsa. Ya tsuguna da ƙyar ya leƙa ɗan gilashin mai, wanda yanzu ya koma fari kamar shayi da madara. Ya miƙe ya cire hula ya ce, "Jama'a, ku shaida. Abu uku Malama ta faɗa, ukun duk ga su. Ni ban taɓa ganin sani irin wannan ba. Tun kafin ciwo ya zo take ganinsa."

Na ce, da ragowar muryata, tunda an tabbatar da aibobin, ko za a duba batun ragi.

Ya ce, "Babur ɗin safe na yi wa kuɗi. Na rana kuwa naki ne, ki yi ciniki da mai shi." Ya dubi dutsen, ya ce, "Amma fa kin haye shi. Ni sai da na shekara uku."

Kerryn ta lulluɓe ni da bargon kare, ta tura mini sosej cikin burodi, ta ce kwanon kakarta kuma sai na wanke shi da hannuna har ya daina wari. Tana goge mini hanci da gefen tawul ta ce, "Wai tsakani da Allah, wa kika saya wa?" Na ce bakina cike yake.

Da dare na tuna da wasiƙar. Na ciro ta daga aljihu jiƙe sharkaf, na shanya ta a jikin murhu. Tawadar ta ɗan bazu amma ana karantawa. Lindsay ya karanta adireshin ta saman tabaransa ya ce, "Ga gidanta can, fitilarta ma a kunne. In miƙa mata?"

Na ce a'a. Abu na ƙungiya a bi masa ƙa'ida.

Washegari Litinin, kafin in wuce makaranta, na taka zuwa akwatin gidan waya da ke bakin titinmu, ina tafiya kamar wadda aka ara wa ƙafafu. Tun kaka abin da nake tsoro shi ne a yi mini dariya, ga shi an yi ta duka a zama ɗaya, ba saura. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Na sake manna kan sarki don na farkon ya ɓare, na tura wasiƙar, na ji ta faɗa ciki.

Ina juyowa na ga Kerryn a tagar kicin ɗinta da kofi a hannu, tana kallona. Ta dubi akwatin, ta dube ni. Ba ta san abin da ke ciki ba tukuna, sai jibi ɗan aiken gidan waya zai tsallaka mata da ita titi. Amma ta ajiye kofin, ta ɗaga hannu a jikin gilashi, ta dunƙule, kamar yadda nake yi wa mahayin da ya fita ba laifi.